Jirgin Kwali a Gaban Kyamara

(Kiɗan buɗe shiri, da kukan jirgin ƙasa daga nesa)



Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san motar kara. Yaro ya samo karan dawa, ya ɓare bayansa, ya yayyanka totuwar, ya fafe sakaina ko tsohon silifa ya yi ƙafafu, kafin la'asar sai ga a-kori-kura tana bin lungu. Ba wanda ya ba shi zane, ba wanda ya ba shi awo. Tashar mota ya je ya ƙura ido. To yau za mu ɗauki wannan tsohuwar basirar mu kai ta gaban kyamara. Za mu yi magana a kan yadda ake gina jirgin ƙasa da takarda da kwali domin a yi fim da shi, irin fim ɗin nan da ake motsa abu kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara motsa shi a sake ɗauka, har in an jera hotunan sai ka ga abu marar rai yana tafiya. Inda za mu fi daɗewa shi ne binciken da ake yi tun ba a taɓa almakashi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Jirgin ƙasa da fim sun daɗe tare. Cikin finafinan farko da 'yan gidan Lumière suka ɗauka a Faransa akwai na jirgi yana shiga tashar La Ciotat, wanda aka nuna wa jama'a a farkon 1896, tsawonsa bai cika minti ɗaya ba. Takarda ma ba baƙuwa ba ce a wannan fagen. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta shafe shekara 3 tana yanka mutane da dawaki da aljanu daga baƙin kwali da siririyar darma, tana haɗa gaɓoɓinsu da waya, tana kwantar da su a kan gilashi ana haska su daga ƙasa. A 1926 ta fitar da fim ɗinta na Yarima Ahmed, wanda ta ɗebo labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya, kuma shi ne dogon fim na zane mai motsi mafi tsufa da ya rage a duniya. A kusa-kusan nan kuma, a 2009, wani ɗakin zane na Landan mai suna Andersen M Studio ya yi wa hukumar littattafai ta New Zealand ɗan gajeren fim na kimanin minti 2. Sun ɗauki littafin Going West na Maurice Gee, inda ake ba da labarin tafiyar jirgin ƙasa zuwa birnin Auckland, suka riƙa yanka shafukan littafin kansa da 'yar wuƙa, layin dogo da gidaje da itatuwa suna tasowa daga cikin rubutun. In kana da intanet a wayarka, nemi wannan ka kalla, zai fi maka bayanina.

Shi kuma gina abubuwa da kwalin da aka buga zane a kansa, sana'a ce mai tarihi a Turai. Kamfanin Schreiber na garin Esslingen a Jamus ya fara buga irin waɗannan takardu tun ƙarni na 19. A Ingila, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an yi yayin Micromodels, 'yan katuna masu girman katin gidan waya da mutum zai yanka ya haɗa ya fitar da kan jirgi wanda zai zauna a tafin hannunsa. A Foland akwai mujallar Mały Modelarz da ta fara fitowa a 1957. Mai bincike zai amfana da waɗannan, domin a nan zai ga yadda gwanaye suka warware kowane sashe na jirgi suka shimfiɗa shi a kan takarda. Amma a yi hattara. Waɗannan an tsara su ne domin a gina a ajiye a kan kanta a riƙa kallo. Jirgin fim kuwa ɗan ƙwadago ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu wannan aiki sukan rage zuwa 12 suna nuna kowane hoto sau biyu. Ko a hakan, minti ɗaya hoto 720 ne. Wato sau 720 yatsunka za su taɓa wannan kwalin kafin ka samu minti guda. Jirgin kanta ba zai kai rabin wannan ba zai lotse.

(Gajeren kiɗa)

Tambayar farko a bincike ita ce: wane jirgi, a wane layi, a wace shekara? Kada ka ce jirgi ai jirgi ne. A ce labarinka a Kano yake zamanin dalar gyaɗa, cikin shekarun 1950. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma tsohon layin Najeriya faɗinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067 ne, wato ƙafa 3 da inci 6. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435 ne. Akwai ma wani ɗan siririn layi da ya taɓa haɗa Zariya da Jos saboda kuza, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957. Layi uku ke nan, kuma jiragensu ba su yi kama da juna ba. Jirgin tsohon layi jikinsa ya fi ƙafafunsa faɗi sosai, yana leƙowa ta kowane gefe kamar ƙato a kan ɗan benci. In ka ɗauko zanen jirgin Amurka daga intanet ka shafa masa fenti ka ce ga jirgin Nguru, duk dattijon da ya taɓa shiga zai gane ƙaryar tun daga nesa, ko da ba zai iya faɗa maka inda take ba.

Masu jirgi suna da hanyar bambanta kawunan jirage masu tururi ta ƙirga ƙafafu. In ka ga an rubuta 2-8-2, ana nufin ƙananan ƙafafu 2 a gaba, manya 8 masu ja a tsakiya, ƙanana 2 a baya. Irin wannan tsarin ne da kawunan da aka fara kawo wa Najeriya daga Birtaniya a ƙarshen shekarun 1940, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna. Saboda haka da ka samu tsohon hoto, abin da za ka fara yi shi ne ƙirga ƙafafu.

Ina za a samu awon? In an dace da zanen injiniyoyi, an huta. In ba a samu ba, hoto ma yana magana. Nemi hoton da aka ɗauka daga gefe sak, domin wanda aka ɗauka a karkace yana kumbura gaba ya tsuke baya. Sai ka nemi abu ɗaya a cikin hoton da ka san girmansa na gaskiya, ka auna sauran da shi. In daga gaba aka ɗauka, faɗin layin nan da muka ambata shi ne ma'auninka. In daga gefe ne, tsayin ƙafar jirgi ko tsayin mutumin da ke tsaye kusa. A Ebute Metta ta Legas akwai gidan tarihin reluwe a Jaekel House, inda aka adana hotuna da kayan aiki na da. Amma ni a ganina taskar da ta fi kusa da mu ita ce tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke Zariya da Kaduna da Kafanchan da Minna. Hoton da ba shi da launi ba zai gaya maka kalar tarago ba, ba zai gaya maka ta ina direba ke leƙowa ba, ko yadda mai zuba kwal ke tsayawa, ko abin da 'yan talla ke miƙawa ta taga. Baba da ya yi shekara 30 a kan layi zai gaya maka, har ya ƙara da abin da ba ka tambaya ba. Ka je da ladabi da goronka.

Akwai wasu 'yan Kanada biyu, Chris Lavis da Maciek Szczerbowski, da suka yi fim ɗin 'yan tsana mai suna Madame Tutli-Putli a 2007, labarin wata mata a jirgin dare. Kafin su gina komai sai da suka shiga jirgin da ke ratsa ƙasarsu suka yi kwanaki a ciki suna kallo suna saurare. Fim ɗin minti 17 ne kacal, ya ci su shekaru, ya kuma kai ga shiga takarar Oscar. Abin da suka je nema ba ya cikin zanen injiniya: yadda labule ke kaɗawa, yadda fitila ke rawa, yadda kan mai gyangyaɗi ke bin girgizar tarago. Gani ya kori ji. Sai dai in za ka tasha, ka nemi izinin hukuma kafin ka ɗaga waya, kuma kada ka kuskura ka tsaya a kan layi don neman hoto mai kyau. Jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota.

(Gajeren kiɗa)

Sai batun girma. Masu wasan ƙananan jirage a Turai sun fi amfani da ma'aunin da ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. Wannan ya yi wa mai fim ƙanƙanta. Ƙafar jirgi mai tsayin mita 1.2 za ta koma milimita 14, kamar maɓallin riga, yatsa ba zai iya juya ta daidai ba, kyamara kuma in ta matso kusa sai gaba ya fito baya ya dushe. Mu ɗauki ragin sau 24. Ƙafar nan ta zama santimita 5. Kan jirgi mai tsawon mita 20 ya zama kimanin santimita 83. Faɗin tsohon layinmu ya zama santimita 4 da rabi. Wannan hannu zai iya sarrafa shi, tebur ma zai ɗauka.

Yanzu ku matso da kunne, ga wurin da mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Ƙafa mai tsayin santimita 5, in ta juya sau ɗaya cif, tafiyar santimita 15.7 ta yi, wato tsayinta sau 3.14. In kana tura jirgin santimita 1 a kowane hoto, sai ka ɗauki hoto wajen 16 kafin ƙafar ta kammala zagaye ɗaya, kowane hoto tana juya digiri 23. In ka juya ta fiye da haka, sai a ga jirgi yana ƙwacewa kamar mota a taɓo. In ka gaza, sai a ga ana jan sa a ƙasa kamar buhu. Mai kallo bai san lissafin ba, amma idonsa ba zai yarda ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A ce ƙafar tana da haƙarƙari 12, irin wayoyin ƙafar keke. Tsakanin kowane biyu digiri 30 ne. Ka juya 23, sai haƙarƙari na baya ya zo ya tsaya saura digiri 7 ya kai inda na gabansa yake a hoton da ya wuce. Ido kuma ya fi gaskata gajeriyar hanya, sai ya ga kamar ƙafar ta koma baya da digiri 7. Jirgi yana gaba, ƙafa tana baya! Kun sha ganin haka a ƙafar mota a talabijin. Maganinsa, ko dai juyin kowane hoto ya gaza rabin tazarar haƙarƙarin, ko kuma a wuraren gudu ka cire ƙafar ka sa wata da ka shafe haƙarƙarinta da toka-tokan fenti kamar gudu ya haɗiye su. Ka ga ke nan tun a takardar tsari ya kamata ka san cewa ƙafafun nan sai sun zama masu cirewa.

Wannan santimita 1 a kowane hoto, in an lissafa da hoto 12 a daƙiƙa, daidai yake da jirgin gaske mai tafiyar kilomita 10 a awa, wato fitowa daga tasha. In kana son kilomita 60, kusan santimita 6 za ka riƙa turawa, cikin daƙiƙa 5 ka cinye tebur mai tsawon mita 3 da rabi. Ɗakin wa zai ɗauki wannan? Shi ya sa gwanaye ke kafe jirgin wuri ɗaya, su riƙa juya ƙafafunsa, su ja duniya ta wuce ta bayansa. Turakun waya da ciyawar da ke kusa su yi sauri, itatuwan kuka na tsakiya su bi a hankali, duwatsun nesa da ƙyar su gusa. Haka ido ya saba gani ta tagar tarago.

Nauyi kuma fa? Kwali ba shi da nauyi, kan jirgi kuwa tan da yawa ne. Abin da ke nuna nauyi a fim shi ne yadda abu ke tashi da yadda yake tsayawa. Milimita 1, sai 1, sai 2, sai 3, a hankali kamar raƙumi zai miƙe. Tarago na farko ya motsa kafin na biyu, na biyu kafin na uku, domin akwai ɗan sako-sako a mahaɗarsu. Wanda ya tsaya a tasha ya ji wannan ƙarar tana bin jirgi daga kai zuwa wutsiya ya san abin da nake nufi.

(Gajeren kiɗa)

Mu dawo kan takardar kanta, domin ita ma sai an bincike ta. Takardar inji tana da jijiya, kamar yadda kara ke tsagewa a tsaye ya ƙi a kwance. Ɗauki tsohuwar jarida ka yaga daga sama zuwa ƙasa, ka sake yagawa daga gefe. Ɗaya za ta tafi sambal, ɗaya ta karkace. In za ka naɗe tukunyar tururi, wato doguwar gangar nan ta kan jirgi, sai jijiyar ta bi tsawon gangar. In ka saɓa, sai kwalin ya kakkarye ya yi ƙusurwoyi maimakon ya zagaye. Takardar ofis mai nauyin giram 80 ta yi laushi, sai dai a yi fata da ita. Kwali mai giram 160 zuwa 200 shi ne na jiki. Ƙashin ƙasa da ƙafafu kuwa sai a manna kwali uku ko huɗu, ana gicciya jijiyarsu kamar yadda ake yin filawud, a danne da littattafai su kwana. Gatarin ƙafa, wato sandar da ke ratsa ƙafafu biyu, tsinken tsire ya isa, a zura shi cikin bututun biro.

Ganga da mazurari ba su da wuya, domin ana iya warware su su kwanta shimfiɗe. Abin da takarda ta ƙi jini shi ne ƙwallo. Gwada shimfiɗa ɓawon lemo a kan tebur ba tare da ya tsage ba. Ba zai yiwu ba, kuma masanin lissafin nan na Jamus, Gauss, ya kafa hujjar hakan tun 1827. To ga shi a bayan kan jirgi akwai ƙullutu kamar kifaffiyar ƙwarya. Dabarar ita ce a yanka shi ɓari-ɓari kamar ɓangarorin lemo a haɗa, ko a jera zobba suna ƙanƙancewa zuwa sama. Yanzu akwai manhajar kwamfuta ta Japan mai suna Pepakura Designer da ke warware siffar da aka zana, a Blender misali, ta fitar da ita a shimfiɗe da 'yan kunnuwan shafa gam. Tana rage wahala. Sai dai ba ta san inda kyamararka za ta tsaya ba, tana iya ajiye maka ɗinki a tsakiyar fuskar jirgi. Tela na ƙwarai ya san inda ake ɓoye ɗinki, kai ma sai ka gyara da hannunka.

Kafin ka lanƙwasa kwali, ka ja layi a kansa da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare. Bayan ka yanka, bakin kwalin fari ne, kuma a gaban kyamara wannan farin layin ihu yake yi. Bi shi da alƙalami mai launin jikin. Farin gam na kafintoci yana da ruwa, in ka lafta sai takarda ta kumbura ta murɗe, da tsinke ake ɗiga shi. Fenti mai ƙyalli yana mayar da hasken fitila, a guje shi. Kuma kada jirgin ya fito fes kamar ango. Garin gawayi a kusa da bututun hayaƙi, jar ƙasa a ƙasan tarago, shi ke sa a yarda ya yi tafiya.

Yanayi ma abokin gaba ne. Takarda tana shan laima. Jirgin da ka bari a miƙe da daddare cikin damina, da safe ka tarar rufinsa ya ɗan lanƙwashe, kuma in ka ci gaba da ɗauka sai a ga ya yi tsalle tsakanin hoto biyu. Da hunturu kuma bushewa ke ɗaga bakin gam. Don haka kowane yanki na fim a gama shi a zama ɗaya. A toshe tagogi, domin rana tana tafiya, hasken hoton farko ba zai zama na hoto na 100 ba. A yi amfani da fitilar LED mai batir, ba ta da zafi, kuma ɗaukewar wuta ba ta shafe ta ba. Wayar da kake ɗauka da ita a ɗaure ta tamau, a kulle haskenta da saitinta. A cikin jirgin a ɓoye 'yan ƙusoshi ko notuna don kada numfashinka ya gusar da shi.

Wani abin da zai ba ku mamaki, ba jirgi ɗaya ake ginawa ba. Ana yin ƙarami na hangen nesa, matsakaici na yawancin aiki, sannan ƙatuwar ƙafa guda da sandarta don hoton kusa. Gefen da kyamara ba za ta gani ba, ba a ɓata lokaci a kansa. Taragon da za a ɗauki cikinsa kuma bangonsa ɗaya na cirewa ne. Shi ya sa ake zana labarin hoto-hoto tukuna, a san abin da za a nuna, sannan a san abin da za a gina. Hayaƙi kuwa auduga ce, ana yagarta ana ƙara mata tsawo hoto bayan hoto, ko a yanka gajimare na takarda kala-kala ana musanyawa.

Saura sauti. Kan jirgi mai tururi mai silinda biyu yana huci sau 4 a kowane zagayen ƙafa, domin kowace silinda tana turawa gaba da baya, kuma an saɓa sandunan da ke tura ƙafafun gefen dama da na hagu da rubu'in zagaye don kada jirgi ya cije ya kasa tashi. In za a ga gefe biyu a fim ɗinka, kada sandunan su tashi tare su sauka tare. Ku tuna ƙafarmu mai zagaye cikin hoto 16. Ke nan kowane hoto 4 huci ɗaya, sau 3 a daƙiƙa, kuma a daidai nan ne audugarka za ta bulbulo daga bututu. Ga yadda yake a kunne, ku ƙirga tare da ni.

(Ƙarar hucin jirgi mai tururi, a hankali, tana ƙara sauri)

Lokaci ya cim mana. Wanda zai gwada kafin mako mai zuwa, ya fara da ƙafa ɗaya tak mai tsayin santimita 5, da rula a kwance, da hoto 16. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)